Bot a Gindin Tsani: Dasa Zangunan Hanya a Wasannin da ke kan Injin Half-Life

Tsakure

Wannan takarda ta duba wata matsala da ta daɗe tana damun masu gyara wa bot hanya, wato ɗan wasan da kwamfuta ke sarrafawa a madadin mutum: yadda za a dasa masa zanguna har ya hau tsani ya sauko lafiya. An ɗauki injin Half-Life na kamfanin Valve da wasan Counter-Strike a matsayin fagen nazari, domin rubutun da ke sarrafa motsin ɗan wasa a injin a bayyane yake, kowa na iya karantawa. Hujjar takardar ita ce zango wuri kawai yake nunawa, alhali hawan tsani jerin ayyuka ne da suka rataya a kan inda bot ya fuskanta, da maɓallin da ya danna, da gudun da ya iso da shi. Saboda haka dole mai dasa zango ya san lissafin da inji ke yi a kan tsani, ya kuma ɗauki hawa da sauka a matsayin matsaloli biyu daban.

Gabatarwa

A 1996 kamfanin id Software ya fitar da Quake, kuma a shekarar Steven Polge ya rubuta Reaper Bot, wanda ke koyon taswira yayin da ake wasa. Half-Life ya zo a 1998. Shekara guda bayan haka Minh Le da Jess Cliffe suka gina Counter-Strike a kansa, wasa na ƙungiya biyu da bai zo da bot ko ɗaya ba. Wanda ba shi da intanet mai ƙarfi, ko bai sami abokan wasa ba, sai ya zauna shi kaɗai a taswira. Masu sha'awa ne suka cike wannan giɓi. Jeffrey Broome ya rubuta HPB bot ya saki rubutunsa ga jama'a, Markus Klinge kuma ya fito da POD-Bot, wanda daga baya YaPB ya gaje shi.

Duk waɗannan ukun da zanguna suke tafiya. Mutum ne ke shiga taswira ya zagaya ta lungu-lungu yana dasa alamu, kowace alama tana cewa nan wuri ne da za a iya tsayawa, sannan ya haɗa su da mahaɗai. A fili da lungu da matakala aikin ba ya ba da wahala. Amma duk wanda ya taɓa gyara wa bot hanya a taswirar de_train, inda tsanuka ke jikin taragun jirgin ƙasa, ko a de_nuke da cs_assault, ya san inda aikin ke cijewa. Bot zai zo gindin tsani ya yi ta kewaya shi, ko ya kai rabi ya tsaya yana karkarwa, ko ya kai sama ya zame ta gefe, ko ya taho daga rufi ya wuce tsanin a guje ya faɗo. A wasan da minti biyu ke raba nasara da faɗuwa, bot ɗaya da ya maƙale ya rage wa ƙungiyarsa mutum, idan kuma bam ɗin da ƙungiyar za ta dasa na hannunsa to zagayen wasan ya lalace.

Ina ganin matsalar ta cancanci nazari na ilimi, domin a cikinta ake ganin iyakar wata dabara da ake koyar da ɗalibai kamar ta gama komai, wato mayar da fili zuwa ɗigo da layi.

Abin da zango ke ɗauke da shi

A POD-Bot kowane zango na da matsayi a fili mai fuska uku, da da'irar da idan bot ya shiga cikinta za a ce ya iso, da tambarin da ke faɗin irinsa: na tsani, na durƙuso, na fako, na wurin dasa bam. Taswira ɗaya ba ta wuce zango 1024, kuma zango ɗaya ba ya fitar da mahaɗi fiye da 8. A kan wannan sarƙa ake neman hanya. HPB bot na amfani da dabarar Floyd ta 1962, wadda ke lissafa gajeriyar hanya tsakanin kowane zango biyu tun kafin a fara wasa. Na baya sun koma ga A*, wadda Hart da Nilsson da Raphael suka wallafa a 1968. Ba zan tsaya a kansu ba, domin ba a nan ciwon yake ba. Dukansu suna fitar da jerin zanguna daidai. Abin da ba sa faɗi shi ne yadda za a yi a tsakanin zango da zango. A ƙasa amsar ɗaya ce, ka fuskanci na gaba ka yi tafiya. A kan tsani kuwa, bot mai jerin zanguna kaɗai kamar wanda aka yi wa kwatancen rijiya ne ba a ba shi guga ba.

Akwai ma'aunai kaɗan da za mu buƙata. Injin na da nasa ma'aunin tsayi, wanda zan riƙa kira awo. A wurinsa ɗan wasa akwati ne mai faɗin awo 32 da tsayin awo 72 a tsaye, 36 a durƙushe. Yana taka tudun da bai wuce awo 18 ba ba tare da tsalle ba, tsallensa kuma awo 45 ne. Matsayinsa ana ɗaukarsa daga cibiyar akwatin, awo 36 sama da tafin ƙafa, kuma a nan ne zango ke zama idan an dasa shi.

Abin da inji ke yi da mai hawa

Tsanin da ido ke gani a wasa hoto ne kawai. Abin da ake hawa wani fili ne marar ganuwa mai suna func_ladder, wanda mai zana taswira ke ajiyewa a gaban hoton. Ba lallai iyakarsu ta zo ɗaya ba: hoton na iya kaiwa bakin rufi, filin ya tsaya ƙasa da haka, ko ya zarce. Da zarar akwatin ɗan wasa ya taɓa wannan fili, inji zai ɗauke masa nauyi ya miƙa motsinsa ga wani lissafi na daban.

Abu na farko a lissafin shi ne inji ba ya duba yawan gudun da bot ya nema. Maɓalli kawai yake dubawa, na gaba ko na baya ko na gefe. Bot ɗin da ya saba tafiya a ƙasa ta hanyar aika adadin gudu, idan bai danna maɓallin gaba ba, zai rataye a tsani ko motsi babu. Idan ya danna, sai a ba shi gudun awo 200 a daƙiƙa zuwa inda idonsa ke kallo, har da ɗagawa ko sunkuyar da kai. Daga nan a raba gudun gida biyu. Kason da ke kwance a jikin tsani, sama ko ƙasa ko gefe, a bar shi yadda yake. Kason da ke turawa cikin bangon tsani kuwa a juya shi ya koma hawa, wanda ke ja baya daga bangon ya koma sauka.

Mu bi lissafin da lambobi, domin a nan komai ya ta'allaƙa. Bot ya fuskanci tsani sak, idonsa a miƙe: duk 200 ɗin na shiga bango, duk su koma hawa. Ya ɗaga kai digiri 45: kimanin 141 na tafiya sama kai tsaye, wasu 141 na shiga bango su ma su koma sama, jimla kusan 283. Wannan ne ya sa gogaggun 'yan wasa ke hawa da sauri fiye da sababbi. To idan ya sunkuyar da kai digiri 45 fa? Awo 141 na jan sa ƙasa, 141 na tura shi sama, sai ya tsaya cak yana danne da maɓalli. Ko ya sunkuya digiri 30 da niyyar sauka, sama zai ci gaba da yi. Sai ya wuce 45 sannan zai fara gangarowa. Idan kuma ya juya wa tsani baya, komai ya kife: ido a miƙe sauka ce da gudun 200, kuma sai ya ɗaga kai fiye da digiri 45 kafin ya hau.

HPB bot ya bi hanya mai sauƙi. Da ya taɓa tsani yakan nemi bangon ya daidaita fuskarsa, ya kalli sama da digiri 60 in hawa zai yi, ko ƙasa da 60 in sauka ce, ya danna gaba. Bisa lissafin da ya gabata, hawansa kusan awo 273 ne a daƙiƙa, saukarsa kuwa kusan 73, ya kusa ninki huɗu a jinkiri. Mai neman hanya da ke auna mahaɗi da tsayinsa kawai bai san wannan bambanci ba. A wurinsa tsani mai awo 300 daidai yake ko ta ina aka bi shi, alhali bot zai hau cikin ɗan fiye da daƙiƙa ɗaya, ya sauka cikin daƙiƙa huɗu, bayansa a buɗe ga duk mai bindiga.

Saura abu ɗaya. Maɓallin tsalle a kan tsani ba ya ɗaga mutum. Cillo shi yake yi daga bangon da gudun awo 270. Yawancin bot-bot kuwa an koya masu cewa idan sun maƙale su gwada tsalle. Dabarar da ke fitar da su daga bayan akwati a ƙasa ita ce ke jefo su daga tsani.

Gindi, tsakiya da baki

Daga wannan lissafi ne ƙa'idojin dasawa ke fitowa, ba sai an haddace su ba.

Kafin zangon tsani na farko ana buƙatar zangon tunkara a ƙasa, a kan layin da ya fito sak daga fuskar tsanin, kuma duk mahaɗan da ke zuwa daga fili su tsaya a kansa. Dalili shi ne karkata. Bot ɗin da ya kama tsani fuskarsa a karkace da digiri 30 yana zamewa gefe da awo 100 a daƙiƙa. A tsani mai faɗin awo 32, kafin sulusin daƙiƙa ya rabu da filin, bai ko hau tsayin mutum ɗaya ba. Zai faɗo, ya sake tunkara daga kusurwa mafi muni, ya sake faɗowa. Kewayen da ake gani a gindin tsani sau da yawa daga nan yake.

Zangon gindi kuma a dasa shi bayan an ji tsanin ya kama mutum, a tsakiyar faɗinsa. POD-Bot da kansa yake mayar da da'irar zangon tsani sifiri, kuma daidai ne. A fili da'ira mai faɗi alheri ce, domin tana sa bot-bot su warwatsu maimakon su jeru a layi ɗaya. A tsani kuwa tana sa bot ya ce ya iso tun bai taɓa komai ba, ya ɗaga kai yana neman zangon sama alhali ƙafarsa na ƙasa.

Zangon sama shi ne mafi wuya, kuma kuskure biyu ake yawan yi a kansa. Na farko na tsayi ne. Mai dasawa yana hawa, da idonsa ya leƙa rufi sai ya ga kamar ya iso. A Half-Life ido na awo 64 sama da tafin ƙafa, don haka a wannan lokaci ƙafar na can ƙasa sosai. Sai cibiya ta wuce bakin rufin da awo 36 sannan ƙafa ta kuɓuta. Idan zangon rufin na gaba sak, inji na iya rufa wa bot asiri, tunda turawa cikin bango hawa ne. Idan kuwa mafitar a gefe take, bot zai juya tun bai kai ba, ya bar filin tsani ta gefe, babu komai a ƙarƙashinsa.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa, ya kuma shafi bot ɗin da ke kallon zangon gabansa. Idan zangon na bisa kansa, 'yar tazarar awo biyu ko uku ce ke yanke masa inda zai fuskanta. A ce an dasa zangon sama ya ɗan fito daga bango fiye da inda cibiyar bot ke bi. Bot zai juya wa tsani baya yana kallon sama. Daga nesa babu matsala, domin kansa a ɗage yake sosai. Yana matsowa kusurwar na kwantawa, da ta kai 45 sai hawan ya tsaya. Ya ɗan zame ƙasa kusurwar ta sake ɗagawa, ya sake hawa. Karkarwar da ake gani dab da bakin rufi ke nan, kuma maganinta a matsar da zangon ya ɗan karkata wajen rufin, yadda kallonsa zai riƙa tura bot cikin bango.

Game da tsakiya, ra'ayina shi ne a rage. Sababbin masu dasawa kan jera zanguna a jikin tsani don ganin kamar hakan taimako ne, alhali kowane zango wata dama ce ta kusurwar kallo ta kwanta. A sa na tsakiya inda akwai dandamalin da ake fita, ko inda tsanin ya fi tazarar da mahaɗi ke kaiwa.

Sai mahaɗan da manhaja ke ƙullawa da kanta. Tana haɗa zanguna ne idan suna kusa kuma babu abin da ya tare tsakaninsu, don haka takan haɗa zangon ƙasa da na rufi kai tsaye, ko tsakiyar tsani da wani zango a fili. Mai neman hanya zai zaɓi wannan tunda ya fi gajarta. Dole a bi su ɗaya bayan ɗaya a yanke.

Sauka

Mai hawa yana tunkarar bango, bangon ne ke tsayar da shi. Mai sauka yana tunkarar sarari. A Counter-Strike mai riƙe da wuƙa na gudun awo 250 a daƙiƙa. A ɗauka kaurin filin tsanin awo 8 ne, kuma kansa ya tsaya ƙasa kaɗan da bakin rufi. Bot ba zai fara faɗuwa ba sai akwatinsa gaba ɗaya ya bar rufin, daga nan kuma cikin kimanin kashi uku cikin ɗari na daƙiƙa ya ƙetare awo 8 ɗin. Da jan ƙasa na awo 800, a wannan ɗan lokaci bai faɗi ko rabin awo ba. Ya wuce ta saman tsanin bai taɓa shi ba. A rubutun Half-Life faɗuwa na fara lahani idan gudunta ya wuce 580, wato daga tsayin kusan awo 210, kimanin tsayin mutum uku.

Don haka zangunan da suka yi wa hawa daidai ba lallai su yi wa sauka ba. Ana buƙatar zango a kan rufi, kusa da baki, mai da'ira sifiri, a layi ɗaya da tsanin, wani lokaci da tambarin durƙuso don a karya gudun. Inda hakan ya gagara, akwai mafita biyu da mahaɗi mai hanya ɗaya ke bayarwa. In tsayin bai kai na lahani ba, a ba bot mahaɗin dira daga wani gefen rufin, a bar tsani na hawa kaɗai. In ya kai, a tura shi ta matakala idan akwai. Ina goyon bayan wannan a inda babu makawa, amma yana da farashi: 'yan wasa na gane cewa bot ba ya taɓa saukowa ta nan, sai su daina tsaron wurin, taswirar ta koma wata daban da wadda mai zana ta ya nufa.

Bayan zamanin zango

Waɗanda suka gina tsarin da ya maye gurbin zango duk sun ware tsani. Jan Paul van Waveren, wanda ya rubuta bot na Quake III Arena kuma ya yi bayaninsa a kundin digirinsa na Jami'ar Fasaha ta Delft a 2001, ya raba taswira zuwa yankuna, ya ba kowace mahaɗa nau'in tafiyarta: tafiya, tsalle, iyo, lifta, tsani. Kowane nau'i da rubutun motsinsa.

Michael Booth na Turtle Rock Studios, wanda ya yi bot na hukuma da ya fito da Counter-Strike: Condition Zero a 2004, ya shimfiɗa wa ƙasa ragar murabba'ai da kwamfuta ke samarwa da kanta. Tsani bai shiga ragar ba. Abu ne mai zaman kansa da ke riƙe da samansa da ƙasansa da tsawonsa da inda ya fuskanta, da yanki ɗaya a gindi da har huɗu a sama: gaba, hagu, dama, baya. Bot kuma na bin matakai a jere, tunkara, fuskanta, kamawa, hawa, sakin tsani, kuma kowane mataki na da na hawa da na sauka daban. Duk abin da mai dasa zango ke ƙoƙarin faɗa wa bot a kaikaice ta hanyar matsar da ɗigo awo uku, a nan an rubuta shi a fili.

Kayan aikin yau ma haka suke. Recast da Detour na Mikko Mononen, da tsarin hanya na Unity da na Unreal, suna samar da ragar ƙasa da kansu, amma tsani sai an ƙulla masa mahaɗi na musamman a wajen ragar, mai baki biyu, kuma mai gina wasa ne zai rubuta abin da zai faru a tsakani. Wanda ya iya dasa zangon gindi da na baki a de_nuke bai yi asarar iliminsa ba.

Cunkoso da gwaji

Akwai matsalar da dasawa komai kyanta ba ta warwarewa. Tsani mutum ɗaya yake ɗauka a faɗi, mai neman hanya kuwa bai san akwai wani a kai ba. Mai hawa da mai sauka na haɗuwa a tsakiya. HPB bot kan juya idan ya ga bai motsa ba, amma in duka biyun suka juya a tare, kowa ya koma inda ya fito ya sake dawowa. Abin da nake ba da shawara shi ne tsani ya riƙe bayanin wanda ke kansa da inda ya nufa, mai zuwa ta ɗaya ɓangaren ya jira a zangon tunkara, a kuma ƙara wa mahaɗin tsada na ɗan lokaci don na baya su nemi wata hanya. Wannan ya ƙara wa zangon tunkara aiki, don haka kada a dasa shi inda mai saukowa zai dira, kuma in da hali a sa shi inda akwai abin fakewa.

Gwaji kuma yawanci ba a yin sa yadda ya kamata. Mai dasawa kan sa bot ɗaya ya hau sau ɗaya ya wuce. Ya kamata a gwada kowane tsani hawa daban sauka daban, daga kowane mahaɗi da ke shigowa, da makami mai sauƙi da mai nauyi tunda gudunsu ba ɗaya ba ne, da bot ɗaya sannan da biyar a tare. A kuma sa manhaja ta rubuta lokacin da kowane mahaɗin tsani ya ci, da sau nawa bot ya bar filin tsani a wurin da ba gindi ba kuma ba baki ba. Lokacin da aka auna shi ne ya kamata ya zama tsadar mahaɗin a wurin A*, kowane ɓangare da tasa, maimakon tsayin tsanin.